Rahoton Access ya ƙi buɗewa: yadda ake bin tambayar saƙa mai gurbi har a gano ciwon

Wani Alhaji mai harkar hatsi da sukari a nan Garwa ya aiko yaronsa ya ɗauko ni a babur ana daf da azahar, cikin zafin watan Afrilu. Yana da sito huɗu: na Garwa, na Marwa, na Ngaundere kusa da tashar jirgin ƙasa, da na Kusuri da ke kai kaya Injamena. Rahoton da yake duba cinikin kowane sito ya yi watanni yana fita lafiya, ranar nan ya ce atafau. Akawunsa ya sake girka Office, ya canza na'urar buga takarda, ya goge rahoton ya sake zana shi. An bar jaki ana dukan taiki. Abin da ya faru bai wuce wannan ba: Alhaji ya nemi cinikin kwana goma, kuma a cikin kwanakin nan ba a shigar da cinikin ko buhu ɗaya da sunan Kusuri ba.

Access manhajar Microsoft ce ta ajiye bayanai a tebura, tambaya (query) kuma ita ce umarnin da ke zaƙulo bayanan daga tebur ya miƙa wa rahoto. Irin tambayar da ke ƙarƙashin rahoton ita ce wadda Access na Faransanci ke kira Analyse croisée, na Turanci kuma Crosstab. Ni ina ce mata tambayar saƙa, don tana da zaren tsaye da zaren kwance: sunayen kaya suna sauka a gefe layi-layi, sunayen sito ko watanni suna jeruwa a sama ginshiƙi-ginshiƙi, kuɗi yana zaune a mahaɗa. Gurbi kuwa shi ne abin da tambaya ke barin shi fanko sai lokacin aiki a cike mata, kamar "daga wace rana zuwa wace rana".

Tambaya ta yau da kullum ta san ginshiƙanta tun kafin ta taɓa bayanai. Tambayar saƙa ba ta sani ba sai ta karanta abin da ke cikin tebur. In ta ga sito uku, ginshiƙi uku za ta yi. In ta ga biyar, biyar. Rahoto kuma an zana shi da akwatuna tsayayyu, kowane akwati yana jiran fili, wato ginshiƙin bayanai, mai suna kaza. Ɗaya yana canza kama, ɗaya ba ya motsi. Kusan duk kurakuran da za ka gani daga nan suka fito.

Kafin ka taɓa komai

Kwafi fayil ɗin, ka sa wa kwafin kwanan wata, ka yi aiki a kansa. Wuta tana iya ɗaukewa kana tsakiyar adana tambaya, kuma ba za ka so ka tsaya gaban mai kaya kana bayanin inda lissafin shekara ya shiga ba. Sannan rubuta lambar kuskuren da ta fito. Kalmomin saƙon sun bambanta tsakanin injin Faransanci da na Turanci, lamba kuwa ɗaya ce.

Rufe rahoton, buɗe tambayar ita kaɗai

Buɗe fom ɗin da ake zaɓar kwanan wata a ciki, cike shi yadda mai aiki ya cike, ka bar shi a buɗe. Je jerin tambayoyi ka buɗe tambayar saƙar kai tsaye. In ta buɗe ta nuna lissafi, ciwon yana tsakaninta da rahoto, sai ka wuce zuwa maganar kafe ginshiƙai. In ta ƙi, sauka ƙasa: galibi an ɗora ta a kan wata tambayar da ke tace kwanaki, wannan ma a kan wata. Buɗe su ɗaya-ɗaya daga ta can ƙasa. Wadda ta fara yin kuka, nan za ka zauna.

A misalan da ke tafe, teburin shi ne tblCiniki, filayensa Kwanan, Sito, Kaya da Kudi. Fom ɗin frmZabi ne, da akwatuna txtDaga da txtZuwa da cboSito. Ka lura ban sa ƙugiya a sunan Kudi ba. Sunayen filaye da akwatuna, bar su da baƙaƙe marasa ƙugiya, marasa alamar Faransanci a kai, ba tazara a tsakani. Rubutun da mutum zai karanta a takarda, shi za ka yi wa ado.

Kuskure mai lamba 3070: bayyana gurbi

Saƙon yana cewa injin bai gane [Forms]![frmZabi]![txtDaga] a matsayin sunan fili ko ingantacciyar jimla ba. Abin da ke ruɗa mutane shi ne sharaɗin nan ɗin yana aiki lafiya a tambaya ta yau da kullum. Ita waccan in ta ci karo da sunan da ba ta sani ba sai ta ɗauka gurbi ne. Tambayar saƙa ba ta yin wannan zaton. Dole ka gaya mata tun farko cewa sunan nan gurbi ne, kuma ga nau'in abin da zai shiga ciki.

Buɗe tambayar a yanayin SQL, inda ake ganin ta a rubuce, ka ƙara layin farko:

PARAMETERS [Forms]![frmZabi]![txtDaga] DateTime, [Forms]![frmZabi]![txtZuwa] DateTime;
TRANSFORM Sum(Kudi) AS Jimla
SELECT Kaya
FROM tblCiniki
WHERE Kwanan >= [Forms]![frmZabi]![txtDaga] AND Kwanan < [Forms]![frmZabi]![txtZuwa] + 1
GROUP BY Kaya
PIVOT Sito;

Akwai maɓallin Paramètres a yanayin zane mai yin aikin nan, amma na fi son SQL don ina ganin komai da idona. Sunan da ka bayyana dole ya zo daidai da wanda ke cikin sharaɗi, baƙi da baƙi. Kada ka sake buga shi da hannu. Kwafo shi ka manna. Layin yana ƙarewa da waƙafi mai ɗigo, kuma in ka manta shi za ka sami wani kuskuren daban ka ɗauka sabon ciwo ne. Wani lokaci bayan adanawa Access yakan ninka bakan da ke kewaye da sunan, ya koma yana ƙorafin baka ba daidai ba. Koma SQL ka cire na waje.

In gurbin yana cikin tambayar ƙasa ne, ba a cikin ta saƙar ba, kuskuren zai fito duk da haka. Bayyana shi a tambayar da ke amfani da shi. In bai lafa ba, bayyana shi a ta saƙar ma. Haka abin yake in ka yi amfani da TempVars, ma'ajin ƙima na wucin gadi wanda ya shigo tun Access 2007.

Wani tarko yana nan ga gurbin rubutu. A ce kana son in an bar cboSito fanko a nuna duk sito, ka rubuta sharaɗin "ko gurbin Is Null". Da zarar ka bayyana gurbin a matsayin Text, akwatin da ba a cike ba yana iya isowa a matsayin rubutu mai tsawon sifili maimakon Null (wato babu ƙima ko kaɗan), sharaɗin ya faɗi, rahoto ya fito fanko. Rubuta shi haka, ya kama duka biyun:

(Sito = [Forms]![frmZabi]![cboSito] OR Len([Forms]![frmZabi]![cboSito] & "") = 0)

Injin Faransanci da injin Turanci

Mu da ke kan iyaka wannan ya fi cin mu. Fayil yana tasowa daga Yola ko Kano an gina shi a kwamfutar Turanci, ya sauka a Garwa kan Windows na Faransanci. Ko mai gyara ya samo misali a intanet ya manna, injin ya ce kuskuren rubutu.

A yanayin zane da cikin takardar siffofin akwati, Access na Faransanci yana nuna Formulaires a madadin Forms, Somme a madadin Sum, VraiFaux a madadin IIf, AjDate da DiffDate a madadin DateAdd da DateDiff. Shekara "aaaa" ce, rana "j". Kuma da yake waƙafi a tsarin Faransanci shi ke raba cikakkiyar lamba da ɓangarenta, ana raba abubuwan cikin baka da waƙafi mai ɗigo. Amma a yanayin SQL da cikin VBA, yaren rubuta shiri na Access, komai Turanci ne da waƙafi zalla, ko a wane injin kake. Saboda haka duk misalin da ka samo, a SQL za ka manna shi. In ka koma yanayin zane za ka tarar Access ya fassara da kansa.

Mafi muni shi ne sunayen watanni. Mataimakin da ke gina tambayar saƙa yakan rubuta PIVOT Format(Kwanan,"mmm") ya bi shi da jerin Jan, Feb, Mar har Dec. Format yana ɗauko sunan wata daga saitin yanki na Windows. A injin Faransanci abin da zai fito janv., févr., mars ne. Ba su dace da jerin ba, sai ka ga ginshiƙi 12 a tsaye kyau-kyau, kowanne fanko, kuma ba wani saƙon kuskure. Na taɓa ganin akawu ya kwana yana zargin an goge masa bayanai saboda wannan. Magani shi ne kada ka taɓa jingina ginshiƙi da sunan wata. Jingina shi da lamba, lamba ba ta da yare.

Kafe ginshiƙai

Nan ne ciwon Alhaji yake. Rahoton yana da akwati mai jiran fili mai suna Kusuri, tambaya ba ta haifi ginshiƙin ba don ba ciniki da wannan sunan, sai 3070 ya sake fitowa, wannan karon da sunan sito a ciki. Wani lokaci ba kuskure za ka gani ba, ƙaramin akwati ne zai buɗe yana neman ka cike masa "Kusuri".

Gyaran layi ɗaya ne:

PIVOT Sito IN ("Garwa","Marwa","Ngaundere","Kusuri");

A yanayin zane siffar tana nan da suna En-têtes des colonnes. Da ka sa wannan, ginshiƙai huɗun za su fito kullum, a jeren da ka ba su, da ciniki ko babu. Rahoto ya sami abin jingina. Jerin filaye yana buɗewa nan take lokacin zane, ba sai Access ya gudanar da tambayar don ya san sunayensu ba. Kuma in kana son sa tambayar a ƙarƙashin ƙaramin rahoto da ke cikin babba, Access ba zai ma yarda ba sai da kafaffun ginshiƙai.

To amma an yi gudun gara, kada a faɗa gidan zago. Duk abin da ba ya cikin jerin IN, tambaya tana zubar da shi shiru. Alhaji ya buɗe sito na biyar a Yagwa don shinkafa, rahoto zai ci gaba da fita tsaf ba Yagwa a ciki. Wani yaron shago ya rubuta Ngaoundéré, wani Ngaoundere, wani N'Gaoundéré. Access ba ya bambanta babban baƙi da ƙarami, amma yana bambanta é da e, don haka duk waɗannan sunaye ne daban-daban a wurinsa, kuma ba ɗaya da ya dace da abin da ka kafe. Cinikin da aka manta ba a sa masa sito ba, kafin kafewa yakan fito a wani ginshiƙi mai suna <>, wanda ko banza yana jan ido. Bayan kafewa ya ɓace. Ni dai na fi tsoron rahoto mai buɗewa da lissafi a gurgunce fiye da wanda ya ƙi buɗewa, don na biyun kowa ya san ba shi da lafiya.

Saboda haka ba na kafe ginshiƙai ba tare da ɗan sanda ba. Ƙara jimlar layi a cikin SELECT:

SELECT Kaya, Sum(Kudi) AS Duka

Wannan jimlar tana ƙirga duk abin da ya tsallake WHERE, har wanda jerin IN ya zubar. A ƙasan rahoto sa akwati mai cire jimlar ginshiƙai huɗun daga jimlar Duka. In komai ya shiga, sifili ne. Sa masa sharaɗin launi ya koma ja in ba sifili ba, ka rubuta a gefensa da Hausa ƙarara: "Akwai kuɗin da bai shiga rahoto ba." Mai kaya ba ya bukatar sanin SQL kafin ya gane jan rubutu.

Gyaran da ya fi daɗewa shi ne ka daina kafewa da suna gaba ɗaya. Yi ƙaramin tebur tblSito, kowane sito da lambarsa da sunansa, fom ɗin shigar da ciniki ya riƙa zaɓa daga ciki maimakon a buga da hannu. Sai ka juya a kan lambar:

PIVOT "S" & LambarSito IN ("S1","S2","S3","S4","S5","S6");

Rahoto yana da akwatuna shida, kan kowane ginshiƙi akwati ne mai ɗauko suna daga tblSito da DLookup. Ranar da Yagwa ta buɗe, a ba ta lamba 5, ta tarar da kujerarta a ajiye. Wata fa'ida kuma: sunan fili ba ya ɗaukar ɗigo, don haka in sunan kaya ko sito yana da ɗigo tambayar saƙa tana mayar da shi ƙaramin layin ƙasa, akwatin da ke jiran sunan asali ya rasa shi. Da lambobi ba ruwanka da wannan.

Watanni masu tafiya

In rahoton na Janairu zuwa Disamba ne, PIVOT "W" & Format(Kwanan,"mm") da jerin W01 zuwa W12 ya wadatar. Sai dai ka tabbata zangon bai wuce shekara ɗaya ba, in ba haka ba Janairun bana da na bara za su haɗu a gida ɗaya.

Amma shekarar ɗan kasuwa ba ta bin kalanda. Mai hatsi yana lissafi daga kaka zuwa kaka, mai albasa daga fitowar sabuwa, wani daga Sallah zuwa Sallah. Abin da suke so shi ne "wata shida na baya daga ranar da na zaɓa". Nan sai ka ƙirga nisan wata maimakon sunansa:

PIVOT "W" & DateDiff("m", Kwanan, [Forms]![frmZabi]![txtZuwa]) IN ("W5","W4","W3","W2","W1","W0");

W0 shi ne watan ranar ƙarshe, W1 wanda ya gabace shi, haka har baya. Sunayen filaye ba sa canzawa har abada. Abin da ke canzawa rubutun kan ginshiƙi ne, shi kuma akwati ne mai lissafi: ka cire wata ɗaya ko biyu ko biyar daga txtZuwa da DateAdd, ka nuna wata da shekara. A nan ba laifi sunan wata ya fito da Faransanci ko Turanci, tunda ido ne kawai zai karanta. Ka tuna DateDiff iyakokin wata yake ƙirgawa, ba kwana 30 ba: daga 31 ga Janairu zuwa 1 ga Fabrairu wata ɗaya ne a wurinsa, kuma haka muke so. Sa WHERE ya fara daga ranar 1 ga watan W5, don kada ginshiƙin farko ya zo da rabin wata mai karatu ya ɗauka kasuwa ce ta faɗi.

Gidajen da babu komai

Inda ba a yi ciniki ba tambayar saƙa tana barin Null. Null kuwa in ka tara shi da kowace lamba, sakamakon Null ne. Shi ya sa akwatin =[S1]+[S2]+[S3] ke fitowa fanko a wasu layuka. Mutane sukan sa Nz, mai maye gurbin Null da sifili, su tsaya nan, sai lambobi su koma gefen hagu, tsarin dubbai ya ƙi zama, tarawa ta koma jonawa: 500 da 300 su ba da 500300. Dalili shi ne a cikin tambaya Access yakan ɗauki abin da Nz ya dawo da shi a matsayin rubutu. Nannaɗe shi da CCur, mai mayar da ƙima zuwa nau'in kuɗi:

TRANSFORM CCur(Nz(Sum(Kudi),0)) AS Jimla

Misalan intanet da yawa CLng suke sawa, mai mayar da ƙima zuwa cikakkiyar lamba nau'in Long. Ga mai ƙirga buhu ba laifi. Ga mai ƙirga sefa akwai haɗari, don Long yana tsayawa a 2,147,483,647. Dillalin siminti ko sukari yana iya haye biliyan biyu a jimlar shekara, ranar nan rahoto ya faɗi da kuskuren ambaliya ba wanda ya taɓa komai. CCur yana ɗaukar abin da ya fi haka nesa ba kusa ba.

Kwanan wata

Ka ga a misalin farko ban yi amfani da Between ba. In filin Kwanan ana cike shi da Now(), yana ɗauke da sa'a da minti. Ranar ƙarshe da ka buga a fom kuwa tana nufin sha biyun daren farkon ranar. Between zai ɗauki komai har zuwa wannan lokacin, ya zubar da duk cinikin yinin ƙarshe. In ranar ta faɗo ranar kasuwa, giɓin ba ƙarami ba ne. "Ƙasa da ranar ƙarshe da ƙarin ɗaya" yana rufe wannan ƙofar.

Sa wa txtDaga da txtZuwa tsarin kwanan wata a siffarsu, don Access ya san ba rubutu ba ne. In kuma kana haɗa SQL da hannu a cikin VBA, ka sani kwanan da ke tsakanin alamun # ana karanta shi a tsarin Amurka, wata kafin rana. #03/04/2024# a wurin injin 4 ga Maris ne, ba 3 ga Afrilu ba. Abin haushin, in ranar ta wuce 12 Access yana juya ta da kansa ya gane daidai, don haka rahoto yakan yi daidai daga 13 ga wata zuwa ƙarshe, ya yi ƙarya a kwana goma sha biyun farko. Yi amfani da Format(rana,"yyyy\-mm\-dd") a tsakanin alamun, magana ta ƙare.

Tunda muna kan haɗa SQL da hannu: ƙaramin waƙafin sama da ke cikin N'Djaména yana rufe rubutu kafin lokacinsa, ya jawo kuskure 3075. Ninka shi da Replace, ko ka tace da lambar sito.

Akwatin da ke ta tambaya

In Access yana buɗe akwati yana neman ƙima, karanta sunan da ke ciki da kyau, shi ne adireshin ɓarawon. In sunan akwatin fom ne, to fom ɗin a rufe yake ko an canza wa akwatin suna. Sau da yawa maɓallin da ke buɗe rahoto yana rufe fom ɗin nan take, rahoto kuma yana komawa neman ƙimar lokacin bugawa. Ɓoye fom ɗin da Visible = False, ka rufe shi sai rahoto ya rufe.

In sunan wani tsohon fili ne da ka riga ka cire, duba wurare uku a rahoton: sashen tarawa da jerawa, siffar Filtre, da siffar Tri par. Sukan riƙe tsohon suna shekara da shekaru. Ka kuma sani rahoto ba ya bin jeren da tambaya ta yi, nasa yake bi, don haka a can za ka jera.

In tambaya iri ɗaya ce ke maimaituwa sau biyu ko uku, gurbin irin na bugawa da hannu ne, kuma akwai ƙaramin rahoto ko zanen lissafi da ke sake gudanar da tambayar. Mayar da gurbin kan fom, kowa ya karanta daga can.

#Nom ? a cikin akwati yana nufin filin da yake nema babu shi. #Erreur kuwa sau da yawa akwatin ne ke cin kansa: sunansa S1, lissafinsa =Nz([S1],0). Canza masa suna zuwa txtS1. Kuma Sum a ƙasan rahoto fili yake tarawa, ba akwati ba; =Sum([S1]) zai yi, =Sum([txtS1]) ba zai yi ba.

In ba ciniki ko ɗaya a zangon, yi amfani da aukuwar NoData ka nuna saƙo ka soke buɗewa. Maɓallin da ya kira rahoton zai sami kuskure 2501, sai ka kama shi ka yi shiru da shi.

In lallai ginshiƙai ba za su kafu ba

Akwai lokacin da mai aiki zai ce yana son kowane abokin ciniki da ginshiƙinsa. Fara da gaya masa tambaya ba ta wuce fili 255, takardar A4 a kwance kuma da ƙyar take ɗaukar goma sha biyu da za a iya karantawa. Mafi yawan lokuta juya saƙar ya fi: abu mai yawa ya koma layi, abu kaɗan ya hau sama. In ka ga kuskuren cewa kan ginshiƙai sun yi yawa, duba ko kana juyawa a kan Kwanan ɗanye ne mai sa'a da minti, inda kowane ciniki ke neman nasa ginshiƙin.

In ya dage, sai VBA. Ka zana akwatuna fanko txt1 zuwa txt12, a aukuwar buɗe rahoto ka karanta sunayen filayen tambayar ka raba musu, ka ɓoye ragowar. Nan za ka haɗu da kuskure 3061, wanda injin Faransanci ke cewa Trop peu de paramètres, don DAO, hanyar da VBA ke bi ya karanta bayanai, bai san hanyar zuwa fom ba. Cike masa da kanka:

Set db = CurrentDb
Set qdf = db.QueryDefs("qryCiniki")
For Each prm In qdf.Parameters
prm.Value = Eval(prm.Name)
Next
Set rs = qdf.OpenRecordset()

Yana aiki, amma tambayar za ta gudana sau biyu duk buɗewa, kuma ranar da ginshiƙai suka kai 13 dole lambarka ta yi gargaɗi, kada ta yanke na ƙarshe ta yi shiru. Ba na bin hanyar nan sai na rasa wata, don wanda zai gaje ni a gyaran fayil ɗin ba lallai ya iya VBA ba, tebur mai lambobi kuwa kowa zai gane shi.

Gwaji kafin ka miƙa

Gwada zangon da ba ciniki ko ɗaya. Gwada rana guda, farko da ƙarshe iri ɗaya. Gwada daga 3 ga wata zuwa 11 ga wani watan, don juyewar rana da wata ta tonu. Gwada zangon da ya haye Disamba zuwa Janairu. Shigar da cinikin ƙarya a sito da ba ya cikin jeri ka ga ko jan akwati ya kunna, sannan ka goge shi.

Sai gwajin da ba kwamfuta a ciki: ɗauki kaya ɗaya, sito ɗaya, mako ɗaya, ka tara daga littafin shago da kalkuleta. In rahoto ya ba da daidai ninki biyu ko uku, ba tambayar saƙa ce ta yi laifi ba, haɗin tebura ne a tambayar ƙasa: an haɗa ciniki da teburin farashi inda kaya ɗaya ke da layi biyu, kowane ciniki ya fito sau biyu. Ƙirga layukan tambayar ƙasa ka gwada da na tblCiniki a zango ɗaya, za ka gani.

A wurin Alhaji, layin IN ya buɗe rahoton cikin minti biyar. Jan akwatin da na ƙara kuma ya kunna nan take. Muka bi sawu, muka tarar da shigarwa goma sha wani abu da aka rubuta Kousséri maimakon Kusuri, tun daga watan da sabon yaro ya kama aiki a can. Alhaji ya gyara zama ya ce wa akawun, "Malam, ɗauko littafin Kusuri." Ni kuwa na koma na fara gina tblSito.